Mai Sauti a Ƙasar Yawuri: Daga Katakon Akwati Zuwa Fedar Jitar Bes

Da wuya a yi taro yau a Yelwa, ko Wara, ko Shanga, ba a nemi mai sauti ba. Ɗaurin aure da kamu, walimar sauka, wa'azin dare, maulidi, kokawar bayan kaka, gangamin 'yan siyasa, sujadar Lahadi a coci, har bikin Rigata da ake yi a kan ruwa, duk sai da shi. Shi ke riga kowa zuwa fili, shi ke barin wurin bayan an kwashe kujeru, kuma ba a tuna da shi sai makirfo ya yi fito ko sauti ya ɗauke ana tsakiyar magana. Wasu na ce masa mai lasifika, matasa na ce masa diije, yaransa kuwa oga ko maigida. A cikin masu wannan suna akwai wanda iyakarsa ya sa waƙa daga kwamfuta ko waya. Akwai kuma wanda ya san kayan ciki da waje, ya haɗa akwatinsa da hannunsa, ya naɗa koyil idan ta ƙone, ya san abin da zai saya da abin da zai bar wa mai shago. A kan wannan na biyu nake magana.

Gyaran murya ba baƙon abu ba ne a ƙasar da ta san makaɗan fada irin su Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo. Makaɗan da suna liƙa ɗanko a tsakiyar fatar kotso don muryarsa ta yi kauri, masu garaya kuma suna maƙala ƙaramin ƙarfe mai zobba a ƙarshen sanda domin kowane bugu ya fito da ɗan kaɗawa a bayansa. Da lantarki ya shigo, lasifika mai bakin ƙaho ce ta fara, irin wadda har gobe ake ɗaurawa a kan masallatai, da amfilifaya ƙarama da batirin mota. Ita ƙaho tana kai muryar mutum nesa, amma ba ta iya fitar da ƙasan sauti ko kaɗan. Abin da ya sauya kunnen jama'a shi ne waƙoƙin finafinan Kano na ƙarshen shekarun 1990, waɗanda aka riƙa haɗawa da fiyano ƙirar Yamaha. Wannan kiɗa yana da gindi mai nauyi, kuma duk wanda ya saba jin sa a ƙirji ba zai sake yarda da ƙaho kaɗai a bikin ƙanwarsa ba. Daga nan kalmar bes ta shiga bakin kowa, har tsofaffin mata masu shirya biki sukan tambaya ko kayan mai sautin suna da shi kafin a yi ciniki.

Bes shi ne ɓangaren da ya fi cin kuɗi da ƙarfi a sana'ar nan, kuma akwai dalili. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya 4 tana kaɗawa kimanin sau 41 a daƙiƙa ɗaya, mai tsirkiya 5 kuwa tana sauka har kusan 31. Sautin da ya yi ƙasa haka sai an tura iska mai yawa kafin kunne ya ji shi, musamman a fili inda babu bango da zai dawo da shi. Shi ya sa ake neman sifika mai faɗin inci 15 ko 18, da babban maganaɗisu a bayanta, da akwati wanda sai mutum biyu ƙarfafa ke ɗaga shi, da amfilifaya mai jan wuta, da janareta da zai iya ɗaukar ta. Kowane ɗaya yana jawo ɗan'uwansa.

Aikin yana farawa a wurin masu katako. Filawud ake saya, mai kaurin milimita 18, falle ɗaya ƙafa 4 ne a faɗi, ƙafa 8 a tsawo. Akwai wani allo mai araha da ake yi da niƙaƙƙen garin katako, yana da santsi da kyan gani, amma duk wanda ya yi damina ɗaya da shi a bakin tafkin Kainji ba ya komawa, domin da ya sha danshi sai ya kumbura ya fara zubewa ta gefe. Mai sauti yakan zauna da kafinta ya ba shi awo, ba ya barin sa ya yi yadda ya saba yin akwatin lefe. Girman cikin akwati da faɗin ramin da iska ke fita ta gaba su ne ke yanke irin muryar da za a samu. Idan cikin ya yi kaɗan, bes ya shaƙe. Idan ramin ya yi faɗi fiye da kima ko ya gajarta, sai a riƙa jin wani amo guda yana bubbuga kunne, sauran muryoyin su ɓace. Galibin masu wannan aiki ba lissafi suke yi a takarda ba. Suna auna wani akwatin kamfani da suka ji ya yi musu, su kwaikwaya, su gyara a na gaba. A kan haɗa kowace gaɓa da gam da sukuru tare, a gitta sanduna a ciki don bangon kada ya yi rawa, a liƙa soso ko auduga, a toshe duk wata kafa da iska za ta iya silalewa. Sannan a yi fenti baƙi ko a lulluɓe da kafet, a sa ƙarfe a kusurwoyi, a sa raga a fuska saboda ƙafar 'yan rawa.

Ita sifikar kanta daga nesa take zuwa: kasuwar Alaba ta Legas, ko Anacha, ko Sabon Gari a Kano. Akwai sabuwa 'yar Sin, akwai ta hannu da ake kira 'yar Kwatano, wadda sau da yawa ta fi sabuwar ƙarko idan ba a taɓa buɗe ta ba. Lambar ƙarfin da aka buga a jikin kwali ba abin dogaro ba ce, don haka mai saye yakan ɗaga ta ya ji nauyin maganaɗisu, ya duba faɗin koyil, ya danna takardar da yatsu a hankali yana kasa kunne. In ta shiga ta fito shiru, lafiyarta ƙalau. In ya ji tana gogar wani abu, to ta taɓa yin zafi.

Naɗin koyil shi ne inda ake gane wanda ya zauna ya koya. Sifika ta ƙone, an kawo ta tana warin ƙonannen gam. Zai jiƙa gefen takardar da tina har gam ɗin ya saki, ya yanke 'yar hular da ke tsakiya, ya zaro tsohuwar koyil baƙa ƙirin. Ramin da take zama a ciki siriri ne ƙwarai, zagaye da maganaɗisu, kuma ko ƙwayar yashi ɗaya ta faɗa ciki ta ɓata aikin, saboda haka yakan naɗe salatif a jikin kati ya riƙa zagayawa da shi har ya daina fito da datti. Sai ya warware tsohuwar wayar yana ƙirga zagayenta, ya nemo wayar tagulla mai kauri daidai da ita, ya naɗa sabuwa layi bisa layi, babu mai hawa kan wata, yana shafa gam mai jure zafi. Ya ɗora mita: sifikar da aka rubuta mata om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7, in ta nuna ƙasa da haka sosai to wani wuri ya haɗe. Wajen mayarwa yakan yanka tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti siri-siri, ya soka a zagaye don koyil ta tsaya a tsakiya cif, ya liƙa takarda, ya bar ta ta kwana. Da safe ya zare fim ɗin, ya mayar da hula. Mai gaggawar da ya gwada ta tun gam bai bushe ba zai sake aikin daga farko, da kuɗin aljihunsa.

Akwai gwaji ɗaya da kowane yaron shago ke koya da wuri. A ɗauki ƙaramin batir a taɓa wayoyin akwati da shi, a kalli takardar: in an sa jan waya a gefen batir mai alamar tarawa (+) takardar ta turo waje, haɗin daidai ne. In ta ja ciki, an juya wayoyin. Akwati biyu da aka jera, ɗaya na turawa ɗaya na ja, sukan cinye bes ɗin juna, mai kaya ya yi ta ƙara wuta yana mamakin inda sautin ya tafi, har ya ƙona su. Haka ma lissafin om. Sifika biyu masu om 8 in aka haɗa su a layi ɗaya sun zama 4, guda huɗu sun zama 2, kuma amfilifaya da yawa ba sa jure 2. Uwar biki za ta ce, "Ɗana, ƙara mana akwati ɗaya ta wajen mata," shi kuwa ya san abin da ƙarin nan zai jawo. Wanda ya iya baki sai ya juya wani akwatin ya fuskanci wajen matan, kowa ya samu abin da yake so.

A yawancin bukukuwan Hausawa bes daga fiyano yake fitowa ko daga waƙar da aka riga aka ɗauka. Jitar bes ta hannu an fi ganin ta a ƙungiyoyin mawaƙan coci, da ƙungiyoyin kiɗa da ake gayyatowa manyan bukukuwa, da kuma wajen samarin da suka taso suna jin kiɗan jita na Nijar, irin na Tal National ta Yamai ko Bombino da Mdou Moctar na yankin Agadas. Jitar bes kayan kiɗa ne mai ƙarancin shekaru, don a 1951 ne Leo Fender ya fito da ƙirar da ta bazu a duniya. Duk ranar da mai jitar bes ya zo fili, wayarsa a hannun mai sauti take ƙarewa, kuma a tsakanin jitar da miksa ne ake jera 'yan akwatunan ƙarfen nan da ake takawa da ƙafa, waɗanda ake kira feda. Kowace da aikinta, kuma makaɗa da yawa wajen mai sauti suke zuwa shawara kafin su saya, domin shi ya san abin da akwatunansa za su iya fitarwa.

Wadda ba ta ƙara wa sauti komai ita ce ta fi muhimmanci, wato mai saita tsirkiya, irin TU-3 ta kamfanin Boss. Zafin Maris da Afrilu da sanyin asubar hunturu suna sa wuyan jita ya motsa, tsirkiya ta saki ko ta ɗaure, kuma bes da ya kauce ko da kaɗan ne yakan sa mawaƙi ya rasa inda zai dafa. Ƙarin amfaninta shi ne da an taka ta sai ta yanke sauti, makaɗi ya gyara kayansa ko ya cire waya ba tare da akwatuna sun yi tsawa ba.

Bayanta sai wadda ke kai sautin jita cikin miksa da tsabta, wadda masu kiɗa ke kira diyai. Jita in aka ja mata doguwar waya kai tsaye, muryarta takan dushe a hanya, ta kwaso gurnanin wuta. Wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kusa da inda bes yake zaune, shi ya sa gurnanin ke fitowa ƙarara a manyan akwatuna, ya fi muni kuma idan janareta ne ke aiki ba a kafa masa ƙarfen ƙasa ba. Sananniya a wannan fanni ita ce SansAmp Bass Driver ta kamfanin Tech 21 na Amurka, wadda ke ba jita murya kamar ta fito daga babbar amfilifaya. Kuɗinta ya haura dala 200. Behringer sun yi mai kama da ita, BDI21, da jikin roba, ba ta kai rubu'in wannan kuɗi ba. A cikin ɗaki shiru mai kunne zai iya rarrabe su. A filin biki, da inji na ruri a baya, bambancin ba ya kai wa kunnen jama'a. Inda tsadar ke nuna kanta shi ne bayan shekara biyu ana takawa, ana jefawa a buhu, ana ɗorawa a bayan babur.

Ta uku ita ce kwamfuresa, mai daidaita ƙarfin bugu. Yatsan makaɗi ba ya faɗuwa da nauyi ɗaya kullum, wani bugu ya yi sanyi, wani ya zabura, balle in yana marin tsirkiya da babban yatsa. Wannan feda tana danne wanda ya zabura, ta bar mai sanyin ya fito. Masu sauti suna ƙaunarta saboda bugun da ya zabura shi ke sa jar fitilar amfilifaya ƙiftawa, kuma fitilar nan in ta daɗe tana ja, koyil ce ke dahuwa. Sai dai in an matse ta da yawa kiɗan yakan rasa rai, ga kuma huci da take ɗagowa duk lokacin da makaɗi ya tsaya.

Sauran fedoji na ado ne, kuma a nan ne samari suka fi zubar da kuɗi. Akwai mai sa murya ta yi ƙaiƙayi da gurnani. Matsalarta ita ce wadda aka ƙera don ƙaramar jita takan yanke ƙasan sauti, da an taka ta sai gindin kiɗan ya zube, 'yan rawa su ji kamar an janye musu tabarma. Saboda haka ake neman mai maɓallin gauraya, wanda ke barin asalin muryar jita ta wuce tare da gurnanin, kamar yadda ODB-3 ta Boss take da shi. Akwai mai ƙara murya ta biyu a ƙarƙashin wadda aka buga, wadda OC-2 ta shekarar 1982 ta yi suna da ita. Tana da daɗi a tsirkiyoyin sama, amma in aka buga mai kaurin da ita sai ta nemi fitar da sautin da ya kusa sau 20 a daƙiƙa. Akwatin gida ba ya iya wannan, sai dai ka ga takarda tana fita tana komawa kamar za ta tsinke, ba a jin komai, wuta na tafiya a banza. Akwai kuma mai sa kowane bugu ya buɗe baki ya rufe, irin Mu-Tron III ta 1972 da Bootsy Collins ya shahara da ita. Kyakkyawa ce a hannun wanda ya san inda zai sa ta, a waƙa ɗaya ko biyu. Eko kuwa, wanda mawaƙanmu da masu sanarwa ba sa gajiya da shi a makirfo, ba abokin bes ba ne. Yakan sa bugu ya hau kan bugu har a kasa gane inda kiɗa ya dosa.

Ga wanda jarinsa bai kai ya sayi ɗai-ɗai ba, akwai masu haɗa komai a akwati guda, kamar B1 Four ta kamfanin Zoom, mai kimanin dala 100. Tana da abin saita tsirkiya, da kwamfuresa, da kwaikwayon amfilifaya iri-iri, kuma tana aiki da ƙananan batura 4 ko da abin cajin waya na tafi-da-gidanka, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙauyen da babu wuta. Aibinta biyu ne. Sautukan da aka zuba mata daga kamfani an cika musu ado don su burge mai saye a shago, sai an zauna an rage. Sannan in ta lalace, mai gyaran gari ba shi da abin yi a kanta, alhali fedar gargajiya mai taransista da 'yan ƙananan kaya ana iya buɗe ta a canza maɓalli ko ramin waya da dalma. A ganina, makaɗin da zai yi aiki a wannan yanki ya fara da mai saita tsirkiya da diyai, ya ƙara kwamfuresa in hali ya yi, ko kuma ya sayi mai haɗe-haɗen ya kashe kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikinta. Ragowar kuɗin ya sayi sababbin tsirkiyoyi da waya mai kyau, za su fi gyara masa murya.

Gwada feda ma sai da dabara. Bidiyon waya ba ya nuna komai, don sifikar waya ba ta san bes ba. A zo da jitar da za a yi aiki da ita, a haɗa da akwatunan da za a yi aiki da su. Mai sauti zai sa yaro ya buga tsirkiya mai kauri a sake, yana taka fedar yana sakewa, shi kuma ya ja baya can inda jama'a za su tsaya. Kafin ya yanke hukunci sai ya daidaita ƙarfin sautin, a kunne da a kashe su zama ɗaya, domin kunne yakan ɗauki duk abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, kuma masu shago sun san haka. Sai ya ce a tsaya cak, ya saurari shirun, ko akwai huci. Ya girgiza waya a raminta. Ya murɗa kowane maɓalli ya ji ko yana ƙarar yashi, alamar ƙurar hunturu ta shiga. Abu na ƙarshe shi ne wutar da take ci. Yawancinsu bolt 9 ne, kuma ƙafar tsakiya ta abin cajinsu ita ce mai alamar ragi (−), akasin na'urori da yawa na gida. Fedoji masu yawa sun mutu a ranar farko saboda an soka musu cajar da ta shiga ramin daidai amma wutarta a juye take.

Duk waɗannan kaya da dala ake shigo da su. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Fedar dala 100 ta tashi daga abin da saurayi zai tara a 'yan watanni ta koma sama da naira 150,000, kafin a sa kuɗin mota da ribar ɗan kasuwa. Man fetur, wanda bai kai naira 200 lita ba kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, ya wuce 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma haura 1,000 a gidajen mai da yawa kafin ƙarshen 2024. Mai sauti ba ya fita ba janareta, ko da a cikin Yelwa ne, duk da cewa madatsar Kainji da aka kammala a 1968 tana kan ruwan da yake kallo kullum. Ba zai iya dogara da wutar gari a taron da aka biya shi ba, kuma wutar da ke hawa da sauka ta fi ɗaukewar ɓarna. Shi ya sa yanzu ake raba ciniki biyu, kuɗin kaya daban, mai kuma a wuyan mai biki.

Kuɗin haya ya danganta da yawan akwatuna, da nisan wuri, da ko kwana za a yi. A kan karɓi kafin alƙalami don a riƙe rana, ciko kuma bayan an tashi, kuma a wajen cikon nan ne ake shan wahala. Biki ya watse, ango ya shige, wanda aka yi ciniki da shi ya kashe waya, sai a yi ta sintiri. Liƙin da ake zubawa a fili na mawaƙi ne da mai sanarwa, ba ya isowa teburin miksa sai in wani ya ga dama. Daga abin da ya shigo za a cire kuɗin mota ko jirgi, a sallami yaran da suka yi dako suka kwana a tsaye, a ware na gyara, domin da wuya a yi fita uku a jere wani abu bai lalace ba, ko makirfo ya faɗi, ko ƙaramar sifikar sama ta ƙone. Abin da ke riƙe gida a ranakun da babu taro shi ne teburin gyara: naɗin koyil, gyaran amfilifayar masallaci, rediyon mota, akwatin mai tallan magani. Wasu kuma suna haɗa akwatuna su sayar wa gidajen kallon ƙwallo da makarantun Islamiyya, ribar tana cikin aikin hannun, tunda katako da sifika kowa ya san farashinsu.

Kasuwar tana bin aljihun manomi da masunci. Bayan an girbe shinkafa da gero, da lokacin da albasa ta yi kuɗi, da makonnin da ke gaban azumi, aure yakan yi yawa har mai kaya ya raba su gida biyu. Azumi na tafsiri ne, ƙaho da makirfo sun wadatar, kuɗin kaɗan ne amma kullum ne. Sallah, maulidi, Kirsimeti, da shekarar zaɓe su ne kakar sana'ar. Damina kuwa hadari kan taso daga kan ruwa ba sallama, dole a tafi da tamfol, kuma an fi gudun ruwa a kan miksa fiye da a kan mutum.

Tafiya ƙauyukan bakin tafki da tsibirai aiki ne na daban. Ana shimfiɗa katako a cikin jirgi don kada akwatuna su zauna cikin ruwan da ke taruwa a ƙasa, a sa masu nauyi a tsakiya, a naɗe amfilifaya da fedoji a leda, janareta can baya. Ruwan tafkin yana ja da baya sosai a wasu watanni, sai a sauke kaya nesa da gari a ɗauka a ka cikin laka. A ƙarƙashin ruwan akwai kututturan itatuwan da tafkin ya shanye tun lokacin da aka tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu. Tun hatsarin jirgin da ya nutse da ɗimbin 'yan kasuwa kusa da Wara ranar 26 ga Mayu 2021, mai hankali ba ya yarda a ɗora kayansa a jirgin da ya riga ya cika, ko a dawo da dare don gudun kuɗin kwana. Rashin tsaro ma ya rage aikin. Bayan sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni 2021, garuruwa da dama sun rage taron dare, akwai kuma hanyoyin da ba a bi da kaya masu tsada bayan la'asar.

Yaro yakan shigo sana'ar ta dako da naɗe waya. Naɗe waya ba ƙaramin darasi ba ne, wanda ya murɗe ta a gwiwar hannu zai karya ta a ciki, ranar aiki ta ba da kunya. Daga nan ya koyi riƙe ƙarfen dalma, ya koyi jera akwatuna, na bes a ƙasa a haɗe wuri ɗaya, na murya a sama sun wuce kan mutane, makirfo kuma a bayansu don kada ya yi fito. Sai an daɗe kafin maigida ya bar masa miksa ya koma gefe. Abin da ke ba ni tsoro game da yaran nan shi ne kunnensu. Masana lafiya sun sa iyakar ƙarar da mutum zai zauna cikinta awa 8 a kan desibel 85, gaban akwatin biki kuwa ya wuce haka nesa, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Yaron da ya kwana a jingine da akwati yana gadin waya, da safe kunnensa na ƙugi, yana cin jarin da zai yi sana'ar da shi ne. Abin toshe kunne na soso ba shi da tsada, ya kamata kowane maigida ya saya wa yaransa. Haka kuma sauti yana tafiya nesa a kan ruwa da dare, bes ya fi kowane, yana ratsa bangon da murya ba ta ratsawa. A tsallaken akwai mara lafiya, akwai masuncin da zai tashi kafin asuba. Ƙwararrun da na fi girmamawa su ne masu rage na ƙasan in dare ya raba, ko da samari na ihun a ƙara.

Kai kuma mai shirin biki, kafin ka ba da kafin alƙalami je ka shagon ka ce a kunna maka, ka ja baya ka ji ko kana gane kalmomin waƙar a kan kiɗan. Ranar taro ka tanadar masa inuwa da wurin da zai ajiye inji nesa da mutane, ka ba yaransa abinci tare da baƙi. In an tashi, ka cika masa kuɗinsa kafin ya gama naɗe waya.